Wurin Bautar Ise: Ginin da Ake Warwarewa Duk Shekara 20

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Batun da na kawo mana yau daga Japan yake. A birnin Ise, cikin lardin Mie, kudu da Nagoya, akwai wurin bautar da mabiya addinin Shinto suka fi ɗauka da girma a duk ƙasar. Wurare 125 ne a warwatse cikin birnin da kewayensa, amma biyu ne manya. Akwai Naiku, inda suke bauta wa Amaterasu, abar bautarsu ta rana, wadda gidan sarautar Japan ke cewa su tsatsonta ne. Akwai kuma Geku, na Toyouke mai kula da abinci, kusan kilomita 6 daga na farkon.

Kowanne daga cikinsu yana da fili biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya da gini, ɗaya wayam. Duk shekara 20 sai su ta da sabon gini a filin da ke wayam, sak irin na da, su ɗauke kayan bautar cikin dare su mayar can, sannan su warware tsohon. Shikinen Sengu suke kiran wannan al'ada. An fara a 690, an yi karo na 62 a Oktoban 2013, na 63 kuma yana tafe a 2033. To ginin da ke tsaye yau, kayan tarihi ne ko sabon gini? Ni dai tsoho nake ɗaukarsa, domin aikin hannun da ya ta da shi ya haura shekara 1,300 ana miƙa shi.

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam Malam. Ni fa ban yarda ba. Ginin da aka kafa a 2013 sabo ne, ko da zanensa ya shekara dubu. Kuma ku dubi abin da yake ci. Itatuwan hinoki, wani itacen katako na Japan, kusan 10,000 ake sarewa a kowane zagaye, wasunsu sun yi ɗaruruwan shekaru a daji, kuɗin zagayen 2013 kuwa ya haura yen biliyan 50. A Nara akwai haikalin Horyuji na mabiya Buda, yana nan tsaye da katakonsa wajen shekara 1,300, ana lissafa shi cikin gine-ginen katako mafi tsufa a duniya. Wannan shi ne adana tarihi. Na Ise ɓarna ce aka lulluɓe da al'ada.

Ummi: Yaya Kabiru, a Nagoya nake karatu kuma na je wurin. Ginin Ise ba zai iya yin abin da Horyuji ya yi ba, saboda yadda aka yi shi. Ginshiƙansa a cikin ƙasa ake binne su kai tsaye, babu dutse a ƙarƙashi. Rufin jinka ne na ciyawa, katakon kuma ko fenti ba a shafa masa. Fasalinsa na rumbun shinkafar mutanen da ne, wanda ake ɗagawa sama da ƙasa. Ga yankin da ruwan sama da laima. Kafin shekara 20 jinkar ta yi baƙi, gansakuka ta kama ta, gindin ginshiƙan ya fara ruɓewa.

Abin da ma mutane ba su sani ba, mai ziyara ba ya ganin ginin sosai. Shinge huɗu ne suka kewaye shi. Iyakarka ƙofar waje mai farin labule, ƙololuwar rufin kawai kake hangowa, kuma an hana ɗaukar hoto daga nan. Sun ce a ciki ake ajiye madubin Yata no Kagami, ɗaya daga cikin kayan sarauta uku na Japan, kuma ba a nuna shi ga kowa.

Injiniya Kabiru: Ai ƙanwata kin ƙara mini hujja. A zamani ɗaya aka yi Horyuji da farkon wannan al'ada. Sun san ɗora ginshiƙi a kan dutse, sun san rufin tayil. Da gangan suka zaɓi abin da zai ruɓe.

Malam Habu: Da gangan kam, a nan muna tare. Dutse da tayil fasaha ce da ta shigo daga Sin da Koriya tare da addinin Buda. Fadar ta karɓe ta wajen gina haikali, amma ta ƙi sa ta a gidan abar bautar kakanninta. Zaɓi ne na nuna asali.

Alhaji Tanko: Malam Habu, ina da 'yar magana, a yi mini uzuri. Wannan fa wurin bautar wanin Allah ne. Ina tsoron kada yara masu karanta mu su ga kamar yabawa muke yi.

Malam Habu: Allah ya ƙara girma Alhaji, tsoron naka a kan hanya yake. Aƙidarmu a fili take, ba kuma ita muke tattaunawa ba. Tarihin mutane muke dubawa: yadda suka yi sarauta, yadda suka tara kuɗi, yadda suka riƙe sana'a, da yadda hukuma ta yi amfani da addininsu ta kai su yaƙi. Wanda bai san Ise ba da wuya ya fahimci siyasar Japan ta yau.

Alhaji Tanko: To madalla. A dai riƙa faɗin "sun ce" a inda imaninsu ne.

Hajiya Rakiya: Ni abin da ya fi taɓa ni ba ku ma ambata ba. Ba gini kaɗai ake sabuntawa ba. Kaya iri 714, guda 1,576, duk sai an sake yin su: takubba, bakuna, sirdi, tufafin siliki, akwatuna, kayan saƙa, matazai. Kowanne a kan tsohon ƙa'idarsa. Ina sayar da yadi, kuma a idona na ga saƙar da ta ɓace don kawai tsohon da ya iya ta ya rasu ba wanda ya zauna gabansa. Sana'ar hannu ba ta zama a takarda. Ku lissafa shekara 20 ɗin nan: yaro ya shiga zagayen farko yana koyo, a na biyu shi ne gwani mai riƙe da aiki, a na uku yana tsaye yana duba na baya. Da an ce shekara 50 ce, da gwanayen sun ƙare kafin lokaci ya zagayo. Kabiru ɗana, kuɗin da kake kira ɓarna shi ne kuɗin makarantar maƙera da masaƙa da kafintoci.

Injiniya Kabiru: Hajiya, maganarki da nauyi. Amma wannan dalili mu ne muke ba su shi yanzu. Tsofaffin littattafansu sun kafa shekarun ne kawai, ba su faɗi dalili ba. Masana ma sun rabu: wasu sun ce ƙarkon jinka ne, wasu sun ce lissafin kalanda ne, wasu kuma sun danganta shi da iyakar shekarun da doka ta yarda a ajiye busasshiyar shinkafar haraji a rumbun hukuma.

Malam Ilu: Salamu alaikum. Na jima ina karantawa, kuma akwai abin da nake so mu gyara tun kafin mu yi nisa, wato zancen cewa an yi shekara 1,300 ana yi ba yankewa. Ku ɗauki alƙalami. Daga karo na 1 zuwa na 62 tazara 61 ce. Sau 20 ya ba da 1,220. A ɗora a kan 690, sai a faɗa 1910. Amma a 2013 aka yi na 62. Ina shekara ɗari da 'yan kai suka shiga?

Bari in faro daga tushe. Littafin Nihon Shoki, wanda aka kammala a 720, ya ce gimbiya Yamatohime, 'yar Sarki Suinin, ita ce ta yi ta yawo tana nema wa Amaterasu mazauni har ta tsaya a bakin kogin Isuzu. Wannan labarinsu ne na gado. Abin da tarihi ya fi kamawa da hannu ya fara ne daga yaƙin gadon sarauta na 672. Yarima Oama, a kan hanyarsa ta yaƙar ɗan ɗan'uwansa, ya fuskanci Ise daga nesa ya yi roƙo. Da ya ci yaƙi ya zama Sarki Tenmu, sai ya ɗaukaka wurin, ya tura 'yarsa Oku ta zauna can a madadinsa. Haka aka ci gaba da tura gimbiya marar aure har ƙarni na 14. Shi ake danganta wa dokar sabunta ginin, matarsa Jito da ta gaje shi ita ta fara aiwatarwa. A wancan zamani wurin na sarki ne shi kaɗai, an ma hana kowa kai baiko sai da izininsa.

Da ƙarfin fada ya karye, ƙasa ta faɗa yaƙin basasa, kuɗi suka ƙafe. Naiku an sabunta shi a 1462, ba a sake ba sai 1585, shekara 123. Geku daga 1434 sai 1563. A tsakani har faɗa aka yi tsakanin mutanen Uji masu Naiku da mutanen Yamada masu Geku, galibi a kan wa zai tare baƙi masu ziyara, kuma a 1486 wuta ta ci Geku. Gine-ginen sun lalace, sai rumfunan wucin gadi.

Wa ya tashe shi? Mata masu zuhudu na addinin Buda, daga gidan Keikoin. Seijun ta bi gari gari tana bara, ta fara gyara gadar Uji da ake bi a shiga Naiku, sannan ta tara abin da aka sabunta Geku da shi a 1563. Shuyo da ta biyo bayanta ta samo gudummawar Oda Nobunaga da Toyotomi Hideyoshi, manyan shugabannin yaƙi na lokacin, aka yi na 1585. Alhali a dokar wurin, masu zuhudun Buda ba sa kusantar babban ɗakin, an ware musu inda za su tsaya daga nesa.

Hajiya Rakiya: Ikon Allah. Waɗanda aka hana shiga su ne suka yi baran ginin.

Injiniya Kabiru: To Malam Ilu, ka ga maganar Hajiya ta sana'a ma ta sami tangarɗa. Shekara 123 ba kafintan da zai rayu. Waɗanda suka yi na 1585 daga takardu da kufai suka farfaɗo da shi. Wa ya tabbatar mana abin da suka gina shi ne na 690?

Malam Ilu: Babu mai tabbatarwa ɗari bisa ɗari, kuma masana gine-gine sun nuna an yi ta ƙari da ragi, musamman a shinge da adon ƙarfe. Akwai dai kundin da ma'aikatan wurin suka miƙa wa fada a 804, mai ɗauke da awon gine-ginen, shi ya sa ainihin fasalin bai ɓata ba.

Hajiya Rakiya: Kuma gyare-gyaren wucin gadin ai kafintoci ne suka yi su, Kabiru. Hannu bai tsaya cak ba.

Malam Habu: Malam Ilu, ci gaba mana. Yaya wurin sarki shi kaɗai ya koma wurin da talakawa ke tururuwa?

Malam Ilu: Yunwa ce ta buɗe ƙofar. Da gonakin wurin suka kuɓuce, sai ƙananan ma'aikatansa, waɗanda ake kira onshi, suka bazama cikin ƙasa. Kowanne da garuruwansa da gidajensa na gado. Duk shekara su ko wakilansu su zagaya, su raba layun Ise da kalandar da manomi ke dubawa ya san lokacin shuka, su karɓi gudummawa. A zamanin Edo, wato daga ƙarni na 17 zuwa tsakiyar na 19, mafi yawan gidajen Japan suna karɓar wannan laya.

A ƙauyuka kuma aka kafa ƙungiyoyin Ise-ko, abin da ya yi kama da adashenmu: kowa ya zuba, a jefa ƙuri'a, mutum biyu ko uku su ɗauki kuɗin su tafi a madadin kowa, su dawo da laya da tsaraba. Wanda ya taɓa zuwa a cire shi daga ƙuri'a har kowa ya samu. In sun isa, onshi ɗinsu ne zai sauke su a gidansa, ya ciyar da su abincin da ba su taɓa gani ba. A lokacin talaka ba ya fita lardinsa sai da takarda, ziyarar Ise kuwa dalili ne da hukuma ba ta cika hanawa ba.

Sai kuma abin da suke kira okage mairi, wato tururuwar jama'a zuwa Ise, wanda kan ɓarke kusan duk shekara 60. A 1705 an rubuta mutum kusan miliyan 3.6 cikin kwana 50. A 1771 aka sake. A 1830 sun haura miliyan 4, a ƙasar da mutanenta ba su fi miliyan 30 da ɗoriya ba. Da yawansu barori ne da yara da matan aure da suka sulale ba izinin maigida, ba guzuri, sai ludayi a hannu, alamar cewa Ise suka nufa. Attajiran kan hanya su ba su shinkafa da takalman ciyawa da wurin kwana. In suka dawo da laya, al'ada ta hana a hukunta su.

Ummi: Malam, har karnuka ma. Wanda rashin lafiya ta hana tafiya yakan rataya wa karensa kuɗi da takarda a wuya, matafiya su yi ta miƙa shi daga zango zuwa zango har ya kai ya dawo da laya. Yanzu haka a titin Oharai-machi da ke kaiwa gadar Uji ana sayar da 'yan mutum-mutumin karen. Shagon Akafuku mai dakakkiyar shinkafa da wake mai zaƙi yana wannan titi tun 1707.

Alhaji Tanko: To ina batun yaƙin da Malam Habu ya ambata?

Malam Ilu: Shi ne ɓangaren da masu tallan yawon buɗe ido ke tsallakewa, Alhaji. Da aka mayar wa sarki da mulki a 1868, sabuwar gwamnati ta ba da umarnin raba Shinto da addinin Buda. A yankin Ise an rufe haikalin Buda fiye da 100, har da Keikoin ɗin da ya ceci wurin. A 1869 Sarki Meiji ya je da kansa, abin da ba a san wani sarki mai ci ya yi ba kafin shi. A 1871 aka soke onshi gaba ɗaya, gidaje ɗaruruwa suka rasa abin yi, gwamnati ta karɓe rabon laya. Ise ya zama ƙololuwar addinin hukuma. Aka riƙa kai 'yan makaranta, aka cusa musu cewa sarki jinin abar bauta ne, mutuwa dominsa daraja ce. A Disamban 1942 Sarki Hirohito ya je roƙon nasara, a Nuwamban 1945 ya koma ya sanar da ƙarshen yaƙi. Tsakanin nan jiragen Amurka sun ƙone babban ɓangare na birnin, wanda a lokacin sunansa Uji-Yamada, sai a 1955 ya koma Ise.

Ranar 15 ga Disamba 1945 hukumar sojojin mamaya da Amurka ke jagoranta ta ba da umarnin raba Shinto da gwamnati, tsarin mulkin 1947 ya tabbatar. Sabuntawar da ta kamata a yi a 1949 aka ɗage ta zuwa 1953, kuma da gudummawar jama'a aka yi ta. Har gobe haka ake yi, ba kuɗin haraji. Saboda haka in aka tambaye ni wa ya riƙe Ise, zan ce sarakuna sun kafa shi, amma duk lokacin da hukuma ta kasa ko aka ɗaure mata hannu, talakawa ne suka ɗauki nauyin.

Injiniya Kabiru: Rabuwar ma a takarda take. Firaministocin Japan suna zuwa kusan duk watan Janairu. Abe Shinzo ya halarci daren ƙaura na 2013, na farko da ya yi haka tun 1929. A Mayun 2016 ya kai shugabannin G7 har cikin Naiku, da Obama da Merkel duka. Shugabar ibadar wurin tun 2017 Kuroda Sayako ce, ƙanwar Sarki Naruhito.

Malam Habu: Gaskiya ne, kuma a cikin Japan ɗin akwai ƙungiyoyin Kirista da lauyoyi da ke ƙorafi a kan ziyarar. Sai dai ba ta ta da ƙura a Sin da Koriya kamar ta Yasukuni, wurin bautar da ke Tokyo na tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, domin Ise ba wurin tunawa da matattun sojoji ba ne.

Ummi: Yaya Kabiru, in koma kan itatuwanka. Tsohon katakon ba a zubar da shi. Manyan ginshiƙan da ke tallafe rufi ana feƙe su a yi ƙofofin da ke bakin gadar Uji, su yi wata shekara 20. Daga nan a kai ɗaya Kuwana, ɗaya Seki, tsofaffin mashigar hanyar Ise, su ƙara 20. Sauran a raba wa wuraren bauta a faɗin ƙasar, har da waɗanda girgizar ƙasa ta rusa. Dajin Ise kansa ya ƙare tun ƙarnukan baya, shi ya sa aka koma tsaunukan Kiso. Amma a 1923 suka fara dashe da shirin shekara 200 a dajinsu mai hekta kusan 5,500, kuma a 2013 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na katakon daga nan ya fito, karon farko cikin wajen shekara 700.

Injiniya Kabiru: Wannan dashen na yaba masa ƙwarai. Amma kashi uku cikin huɗu har yanzu daga waje yake zuwa, kuma manyan itatuwan Kiso raguwa suke yi. Sannan ku lura, Horyuji ya shiga jerin wuraren tarihin duniya na hukumar UNESCO tun 1993, Ise bai shiga ba. Ni har yanzu sabon gini nake kiransa. Damuwata ma ta gaba ita ce mutane. Yawan jama'ar Japan raguwa yake yi tun wajen 2008. Wa zai yanki ciyawar jinka, wa zai ja gungume nan da zagaye biyu?

Hajiya Rakiya: Ummi 'yata, jan gungumen nan da hannu ake yi? Mata suna shiga?

Ummi: Da hannu, Hajiya, kuma unguwa guda ake fita, maza da mata da yara, kowace unguwa da rigarta da waƙarta. Na Naiku ta cikin kogin Isuzu ake jan su, mutane tsamo-tsamo cikin ruwa. Na Geku a kan manyan amalanke da dogayen igiyoyi. In an gama gini kuma kowa ya ɗauki farin dutse daga kogin Miya ya kai harabar sabon ɗakin ya ajiye, wannan ne kaɗai lokacin da talaka ke wuce shingayen nan. Saboda ƙarancin hannu da kuma son mutane, yanzu ana karɓar baƙi daga wasu larduna su shiga ja na yini ɗaya. A 2012 kuma an buɗe gidan tarihi na Sengukan kusa da Geku, inda aka baje kayan aikin kafintocin don jawo matasa. Shirin 2033 ya riga ya fara tun Mayun 2025 da bikin shiga daji, an sa jan gungume a 2026 da 2027. Gadar Uji za a sabunta ta a 2029, domin tun da aka gina ta ita kaɗai a 1949 lokacin da babu kuɗin sauran aikin, take riga ɗakunan da shekara huɗu.